Kuɗin Kujera Sun Cika, Saura Katin Rigakafi: Abin Da Ya Kamata Maniyyatan Wurno, Rabah Da Goronyo Su Sani

Idan kana cikin masu tara kuɗin albasa, tafarnuwa ko shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo da niyyar sauke farali, ko kai ne ɗan da ke shirya wa tsohuwarsa Umarar azumi daga Rabah, akwai tambayar da ya kamata ta riga tambayar kuɗin kujera: waɗanne takardun lafiya za a nema, kuma a wace rana ya kamata a yi kowace allura? Mutane da yawa sun ɗauka wannan magana ta tafi tare da korona. Gaskiya ne an daina cusa tsinken auduga a hanci kafin a hau jirgi, kuma tun 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin annobar gaggawa. Amma dokokin lafiyar matafiya sun girmi korona nesa ba kusa ba, kuma waɗanda suka fi shafar mutumin gabashin Sakkwato suna nan daram, wasunsu ma ƙara tsauri suke yi.

Domin ka gane yadda waɗannan dokoki ke aiki, da dalilin da ya sa suke sauyawa dare ɗaya, bari mu fara da wurin da aka fi ganin tasirinsu a zamanin korona, wato jiragen ruwa na shaƙatawa.

Abin da ya faru a teku

A ranar 3 ga Fabrairun 2020 wani katafaren jirgin ruwa mai suna Diamond Princess ya iso gaɓar Yokohama ta ƙasar Japan ɗauke da mutum 3,711, fasinjoji da ma'aikata. Irin jiragen nan ne da mutum ke biya ya kwana a ciki mako ɗaya ko biyu, yana ci yana sha, jirgin na zagayawa daga wannan tashar ruwa zuwa waccan. Kada ka haɗa shi da abin da muke kira jirgin yawo a nan gida, wato kamfanoni masu zaman kansu da ke kai mutane Hajji da Umara, ko da yake za ka ga abin da ya sami wancan bai bar wannan ba.

Wani fasinja da ya sauka a Hong Kong aka gwada aka tarar yana da korona, sai hukumomin Japan suka killace kowa a cikin jirgin na tsawon mako biyu. Kafin ƙura ta lafa mutum 712 sun kamu, aƙalla 13 sun rasu, kusan dukkansu tsofaffi. Abin da ya fi ɗaukar hankalin likitoci shi ne kusan rabin waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su. Ba zazzaɓi, ba tari. Tun daga nan aka gane cewa ɗora ma'aunin zafi a goshin matafiyi ba ya tsare komai.

Ranar 14 ga Maris Amurka ta hana irin waɗannan jirage tashi daga tashoshinta, kuma manyansu ba su sake ɗaukar fasinja daga can ba sai watan Yunin 2021. Hanya mafi sauƙi da aka ba kamfanonin ta dawowa aiki ita ce su tabbatar 95 cikin 100 na fasinjojinsu sun yi allura, ga kuma gwaji kafin a hau. A watan Yulin 2022 aka rufe wannan tsari, kamfanonin suka riƙa janye sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar wannan lokaci an yi wani abu da ya kamata duk mai shirin tafiya ya riƙe. A Nuwamban 2020 wani ƙaramin jirgi, SeaDream I, ya tashi daga tsibirin Barbados da fasinjoji 53 kacal. An gwada kowa sau biyu kafin ya hau, kowa ya fito lafiya. Cikin 'yan kwanaki cutar ta ɓulla a cikin jirgin, aka juyo da shi.

Ba wai na'urar gwajin ce ta lalace ba. Gwaji yana ba da labarin ranar da aka ɗauki samfur ne kawai. Ƙwayar korona kan ɗauki kwana biyu zuwa goma sha huɗu kafin ta bayyana, don haka wanda ya kamu jiya zai iya fitowa babu komai yau, jibi kuma ya fara yaɗawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gwajin PCR na iya ci gaba da nuna alamar cutar har kusan wata uku bayan mutum ya warke, alhali ba ya yaɗa ta ga kowa. Shi ya sa ake ba gwaji gajeren wa'adi, awa 48 ko 72. Allurar rigakafi kuwa akasin haka ce: ba ta fara aiki a ranar da aka yi ta, jiki na buƙatar kwanaki kafin ya gina garkuwa. Gwaji yana lalacewa idan ka yi shi da wuri, allura kuma ba ta karɓuwa idan ka yi ta a makare. Kusan duk wata matsala da matafiya ke samu a filin jirgi daga nan ta samo asali.

Yanzu ka kwatanta wancan jirgi da tantin Mina. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban, da yawansu tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, ana kwana kafaɗa da kafaɗa, banɗaki ɗaya, abinci ɗaya, bayan makonni kuma kowa ya koma garinsu da abin da ya ɗebo. A idon likitan annoba, jirgin shaƙatawa da aikin Hajji matsala iri ɗaya suke kawowa, sai dai na Hajji ya ninka na jirgi sau ɗaruruwa.

Shekaru uku da suka ci kuɗin mutane

A ranar 27 ga Fabrairun 2020, ranar da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje. Hajjin shekarar mazauna ƙasar ƙalilan ne suka yi shi, bayan kusan mutum miliyan biyu da rabi sun yi a 2019. A 2021 aka ba mutum 60,000 dama, su ma mazauna ƙasar, kuma sai wanda ya yi allura. A Disamban wannan shekara, da nau'in Omikron ya ɓulla, Ingila ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, Saudiyya ma ta dakatar da jiragen da ke zuwa daga nan. Masu biza a hannu suka zauna suna kallonta tana ƙarewa.

Da aka buɗe a 2022, an ce mutum miliyan ɗaya, da sharuɗɗa uku: shekarunka su gaza 65, ka kammala allurar korona, kuma ka kawo sakamakon PCR da aka yi cikin awa 72 kafin tashi. Kujerun Najeriya suka sauko daga 95,000 zuwa 43,008, wato ƙasa da rabi.

Ka duba yadda kowane sharaɗi ya sauka a kan mutumin Gandi, Achida ko Shinaka. Dattijon da ya biya kuɗinsa a 2020 yana da shekara 63 ko 64, ya amince hukumar alhazai ta riƙe masa su har a buɗe, sai ya tarar shekarunsa sun fitar da shi daga layi. An janye wannan iyaka a 2023, amma kuɗin kujera bai jira kowa ba. Abin da yake kusan naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 ya kai kusan miliyan biyu da rabi a 2022, ya haura miliyan takwas a 2025. Faɗuwar naira ce ta jawo haka, ba dokar lafiya ba, amma dokar lafiya ce ta jinkirta shi har faɗuwar ta cim masa.

Sharaɗin awa 72 kuma an tsara shi ne da tunanin matafiyin da ya san sa'ar tashin jirginsa. Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san jinkirin jirgi ba baƙon abu ba ne. Na'urar PCR a cikin birnin Sakkwato take, ba a Goronyo ba, kuma idan jirgi ya ƙara kwana biyu, takardar da ke hannunka ta zama tsohuwar takarda.

Sai batun rajista. Katin allurar korona yana da wata lamba da ake haskawa da waya, wadda dole ta dace da sunan da ke rumbun bayanai na ƙasa, kuma shigar da sunan na buƙatar intanet. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Wanda aka yi wa allura ta gaske a ƙauye, aka rubuta sunansa a littafi amma bai hau na'ura ba, a wurin jami'in filin jirgi daidai yake da wanda bai yi ba. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowane amfani a yanzu, domin takardun tafiya duka suna komawa na'ura. Kada ka tsaya a kan an yi maka allura. Ka tabbatar an shigar da ita, kuma sunan da ranar haihuwar sun yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammadu a kati, Mohammed a fasfo, ya isa ya tsayar da kai a layi.

Wannan duka ba sabon abu ba ne a hanyar Makka. Kakanninmu da suka bi ta Borno da Chadi da Sudan a ƙafa, a tashar Sawakin suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma a can akwai wurin killace mahajjata da yi musu lamba kafin su hau. Tun bayan kwalarar 1865, wadda ta kashe kimanin mahajjata 15,000 a Makka, jiragen ruwa kuma suka kai ta Masar da Turai, aka fara gina irin waɗannan sansanoni a bakin Bahar Maliya, kamar na tsibirin Kamaran. Jirgin sama ya fara maye gurbin wannan hanya daga shekarun 1950, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, sai killacewar makonni ta koma katin da ke cikin fasfo. Kuma sananne ne a tarihi cewa Sayyidina Umar ya juyo da tawagarsa daga hanyar Sham da aka ba shi labarin annoba ta sauka a can.

Sanƙarau: inda haɗarinmu yake

Idan za a sake rufe wa maniyyatan wannan yanki ƙofa, na fi tsoron sanƙarau a kan korona. An taɓa yi. A 1996 annobar sanƙarau ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma a shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga. Ba a tsaya tantance wanda ya yi allura da wanda bai yi ba, ƙasar aka duba gaba ɗaya. Ka kwatanta da 2014, lokacin da aka hana mutanen Gini, Laberiya da Saliyo saboda Ebola, amma aka bar 'yan Najeriya suka tafi domin an shawo kan cutar a Legas da Fatakwal tana da mutum 20 kacal. Abin da ake yi a gida shi ke buɗe ƙofar ko rufe ta.

Ƙwayar sanƙarau tana zama a maƙogwaron mutum mai cikakkiyar lafiya. Kusan ɗaya cikin goma na ɗauke da ita ba tare da ya sani ba, kuma adadin na ƙaruwa a cunkoso. Tana da nau'o'i da ake kira da haruffa. Nau'in A ne ya ɓarke a Hajjin 1987, nau'in W kuma a 2000 da 2001, alhazai suka kai shi gidajensu a ƙasashe da dama. Daga nan Saudiyya ta wajabta allurar da ta haɗa nau'i huɗu, A, C, W da Y, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Iri biyu ce. Tsohuwar ana karɓar shaidarta shekara uku, sabuwar da ake kira konjuget shekara biyar, kuma idan ba a rubuta irin da aka yi maka a kati ba, za a ɗauke ta a matsayin ta shekara uku. Sabuwar ta fi, domin ban da kare mai ita tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro, wato tana kare iyalin da zai dawo ya tarar.

A nan ne mutanenmu ke yawan kuskure. Wani zai ce ai an yi masa allurar sanƙarau a gangamin da aka yi shekarun baya. Wancan gangami, wanda aka fara a Najeriya a ƙarshen 2011, na nau'in A ne kaɗai. Ya yi aiki ƙwarai, nau'in A ya kusa ɓacewa, amma annobar 2017 da ta addabi Zamfara, Sakkwato, Katsina da Kebbi, ta kashe fiye da mutum 1,100, nau'in C ce. Wancan katin ba ya kai ka Makka. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai nau'i biyar, wadda ta ƙara da X, sai dai an fi kai ta wuraren da annoba ta ɓarke da kuma yara da matasa. Dattijo maniyyaci sai ya nemi tasa.

Ga abin da ba a cika magana a kai ba. Lokacin sanƙarau a ƙasar Hausa daga sanyin hunturu ne zuwa faɗuwar damina, kuma ya fi tsanani a bazara, Maris da Afrilu, lokacin da ƙura da zafi ke busar da hanci da maƙogwaro. Hajjin 1996 a ƙarshen Afrilu ya faɗo. Kalandar Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, tana kammala zagaye cikin kusan shekara 33. Hajjin 2025 a farkon Yuni aka yi shi, na 2029 zai faɗo a ƙarshen Afrilu, kuma jigilar maniyyata tana farawa kusan wata guda kafin nan. Ma'ana, shekarun da ke tafe za a riƙa tara dubban mutane daga ƙauyukan Sakkwato a sansani ɗaya a tsakiyar lokacin sanƙarau, kamar yadda aka yi a shekarun 1990. Umarar azumi kuwa ta riga ta shiga wannan lokaci. A 2024 an samu mutum 12 a Amurka, Faransa da Ingila da suka kamu da sanƙarau mai alaƙa da tafiyar Umara.

Game da masu Umara dokar na tangal-tangal. A farkon 2025 an sanar da kamfanonin jirage cewa su riƙa duba shaidar allurar sanƙarau, bayan 'yan kwanaki da fara aiki kuma aka dakatar da umarnin. Shawarata ita ce kada ka bi wannan kai-komo. Ka yi allurar ko an tambaya ko ba a tambaya ba, domin sanƙarau na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, waɗanda suka tsira kuma wasu kan rasa ji har abada.

Me ya haɗa dattijo da ɗigon shan inna?

Tsofaffi kan ji haushi idan aka ce su buɗe baki a ɗiga musu maganin da suka san na yara ne. Dalilin shi ne babba na iya ɗaukar ƙwayar shan inna a hanjinsa, yana fitar da ita a bayan gida har makonni, ba tare da ta yi masa komai ba. Cikin mutum 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke shanyewa, sauran masu kai ta gaba ne. Bayan dakatar da rigakafi da aka yi a wasu jihohin arewa a 2003, ƙwayar da ta fito daga nan ta kai Sudan, Saudiyya, Yaman har Indonesiya, kuma tun daga lokacin aka sa wa matafiyan Najeriya ido.

An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a ranar 25 ga Agustan 2020, amma akwai wani nau'i da ya rikiɗe yake yawo a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma Sakkwato, Zamfara da Kebbi na cikin inda aka fi samunsa. Ƙauyukan da ma'aikatan lafiya ba sa iya shiga saboda rashin tsaro, da iyalan da suka yi gudun hijira suka bar katin yaransu a baya, su ne mafakarsa. Muddin haka na faruwa, za a ci gaba da neman shaidar rigakafin shan inna daga maniyyatanmu. Ƙa'idar da aka saba ita ce a yi shi cikin watanni 12 kafin tafiya, kuma kada ya gaza makonni huɗu kafin isa. Ka lura da wannan makonni huɗu: ya fi na sauran alluran tsawo, don haka daga gare shi za ka fara lissafi.

Katin shawara

Allurar zazzaɓin shawara ita ce ke cikin katin nan mai ruwan ɗorawa da ake kira yalo kad. Ana nemansa a Saudiyya, ana nemansa a Nijar idan ka bi ta Illela zuwa Ƙonni, da ƙasashe da dama. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan ka taɓa yi kuma kana da shaida, abin da kake buƙata shi ne a mayar da bayanin kan sabon kati na na'ura, ba sabuwar allura ba.

Wannan allura tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, don haka ba kowa ake yi wa ba. Mai juna biyu, jariri ƙarami, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai saboda ƙanjamau ko maganin ciwon daji, da wanda cin ƙwai ke jawo masa kumburi da sarƙewar numfashi, duk sai likita ya duba. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba shi ma a tattauna da shi tukuna. Idan ba za a iya yi ba, akwai takardar uzuri da likita ke rubutawa. Kada ka ɓoye ciwonka don gudun a hana ka kati.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu sayar da kati ba tare da allura ba. A Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi bisa zargin katinsu na bogi ne, har ta kai ga rikicin diflomasiyya. Wanda ya saya wa mahaifiyarsa irin wannan kati don ya hutar da ita zafin allura ya tura ta cikin cunkoson mutum kusan miliyan biyu ba tare da garkuwa ba. Kuma idan ta kamu, likitan da zai duba ta a can zai ga katin ya ɗauka tana da kariya, ya fara neman wata cutar daban.

Sabon shinge: shaidar ƙoshin lafiya

Abin da ya maye gurbin gwajin korona shi ne tantance lafiyar maniyyaci gaba ɗaya. Bayan Hajjin 2024, inda mutum 1,301 suka rasu, akasari saboda tsananin zafi, Saudiyya ta ƙara matsa wa ƙasashe lamba kan kada su turo masu wasu cututtuka. Cikinsu akwai mai wankin ƙoda, mai ciwon zuciya da ɗan motsi kaɗan ke sa shi haki, mai ciwon huhu da ke buƙatar iskar oksijin, mai hantar da ta lalace sosai, mai gigin tsufa, mai ciwon daji da ke kan magani, mai tarin tibi da ke yaɗuwa, da mace mai tsohon ciki ko ciki mai haɗari. Allurar korona da ta mura yanzu an fi ambatonsu ga tsofaffi da masu cututtuka na dindindin.

Na san wannan yana da zafi ga iyalin da suka shekara goma suna tari don tsohonsu. Amma gara a ji daga bakin likita tun kafin a sayar da shanu. Hawan jini da ciwon suga ba sa hana tafiya idan an daidaita su, sai dai daidaitawar na ɗaukar watanni, ba mako ba. Maganin tarin tibi wata shida ne. Wanda aka gano yana da shi wata takwas kafin Hajji zai iya tafiya, wanda aka gano a sansani ya rasa shekarar. Don haka ka kai maniyyacinka babban asibitin ƙaramar hukumarku a duba jini, suga, ƙirji da ƙoda a ranar da kuka yanke shawarar biya, idan an ga wani abu a tura ku Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran lokaci. Mata masu niyya su yi magana da ungozoma ko likita kan tsara lokacin ɗaukar ciki, domin ana gwajin ciki kafin tashi.

Idan kuma tafiyar taka ta jirgin ruwan shaƙatawa ce da gaske, wanda yanzu ba abin mamaki ba ne tun da kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ka sani dokoki uku ne a kanka: na ƙasar da za ka hau, na kowace tashar da jirgin zai tsaya, da na kamfanin kansa. Mafi tsaurin cikinsu shi ke aiki. Tasha ɗaya da ke neman yalo kad daga wanda ya fito Najeriya ta isa a hana ka hawa, ko da ba ka da niyyar sauka a can. Yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar macen da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, kuma wanda aka hana hawa saboda rashin takarda galibi ba a mayar masa da kuɗi.

Wannan batu na mayar da kuɗi ya shafi mai tafiya ta jirgin yawo ma. A 2020 waɗanda suka biya ta hukumar alhazai an ba su zaɓi, ko su karɓi kuɗinsu ko a ajiye musu. Da kamfani mai zaman kansa kuwa, abin da ke rubuce a yarjejeniya shi ne naka. Kafin ka biya, ka tabbatar kamfanin na da lasisin NAHCON, kuma ka sa a rubuta maka abin da zai faru da kuɗinka idan an rufe iyaka, idan likita ya ce ba za ka iya ba, ko idan an sauya doka bayan biza ta fito. Sharuɗɗan lafiya kuma Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya na sabunta su kowace shekara, don haka na bana za ka tambaya a wurin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku, ba abin da alhajin bara ya gaya maka ba.

Bayan an dawo ma da sauran aiki. Tari da mura na 'yan kwanaki abu ne da kusan kowane alhaji ke dawowa da shi. Amma idan cikin mako biyu da dawowa shi ko wani a gidan ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, ko wasu jajayen ɗigo suka fito a fata, ko numfashi ya fara sarƙewa, a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da dare ne, kuma a gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa daga Saudiyya aka dawo da ranar da aka sauka.